Lamba Bakwai a Baƙin Akwati

Litinin, 19 ga Agusta, 10:15 na safe

Mutanen Roni sun fara bincike. Malam ne ya gaya mini kafin ya tafi gonarsa ta Gwiwa. An ga Yakubu, ƙanen mahaifin Nafisat, yarinyar da ɗana Zaharadeen yake nema, a masallacin unguwarmu jiya, yana tambayar halinsa. Daidai ne. Duk mai 'ya mace ya bincika kafin ya bayar. Ni ma sau biyu an zo an tambaye ni a kan 'ya'yan maƙwabta, na faɗi abin da na sani. Aure ɗaya ya fasu, har yau uwar yaron ba ta gaishe ni. Ban damu ba. Gaskiya na faɗa.

Zaharadeen yana sallah a kan lokaci, yana koyar da lissafi a makarantar sakandare, bai taɓa ɗaga mini murya ba. In sun gamsu, za mu kai gaisuwa kafin a fara girbin gero. Wannan auren nake jira, shi ne zai zaunar mini da shi wuri ɗaya.

Abu ɗaya ne kawai. Tun da aka yi hutun makaranta ya buɗe ɗakin ƙofar gida. Ɗakin babban ne, ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa. Shekara uku ɗakin yana kulle. Ban ba kowa makulli ba.

Talata, 20 ga Agusta, 4:40 na yamma

Na leƙa ta taga.

Yana zaune a bakin gado da jitar nan ja wadda babban ya sayo a Nijar. Igiya ta fito daga jikinta ta shiga wani baƙin akwati a ƙasa, mai maɓallai da ake takawa da ƙafa. Wata igiyar kuma ta fito daga akwatin zuwa abin da ya rufe kunnuwansa. Hannunsa yana ta gudu a kan tsirkiya, amma ba na jin komai sai ƙis-ƙis kamar ɓera a cikin buhu. Idonsa a rufe. Kansa yana sama yana ƙasa, yana sama yana ƙasa.

Sau uku na kira sunansa. Ko motsi bai yi ba.

Na san wannan kaɗa kan. Na taɓa ganinsa a ɗakin nan, a bakin gadon nan. Bambancin kawai shi ne wancan da sifika yake yi, har kwanukana suna rawa a kan kanta. Wannan kuwa shiru. Mai yin abu a ɓoye ya fi ba ni tsoro.

Laraba, 21 ga Agusta, 9:00 na safe

Na duba ƙarƙashin gado. Babu kwalba ko ɗaya. Ai shi ma ya san nan na fara dubawa a wancan karon.

Juma'a, 23 ga Agusta, 11:30 na safe

Yana shan koko wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce a ƙasa-ƙasa, "Ya iso."

Na ce, "Me ya iso?"

"Wani sauti na saya, Inna."

"Sauti."

"E. Na jita."

Na ce ya yi mini bayani, ni ma na yi sakandare, ba a kan jaki aka kawo ni Kazaure ba. Ya ajiye ludayi ya ce akwatin nan shi ke ba jita murya. A cikinsa akwai gurabe masu lamba, kowane gurbi da irin muryarsa. Wai akwai wani mutum a ƙasar waje da aikinsa ke nan, ya zauna ya daidaita ƙara da kauri da amsa-kuwwa har su yi yadda ake so, sai ya sayar. Kai kuma ka biya da katin banki, ya turo maka, ka zuba a akwati ta kwamfuta. Wai irin kiɗan da yake yi kiɗan ƙarfe ake ce masa.

Na ce, "Ina kayan?"

"Yana cikin waya."

"Miƙo mini in riƙe."

Ya yi dariya. "Inna, ba a riƙe shi."

"Ka san mutumin? Ɗan gidan wa ne?"

"Ban san shi ba."

"Sau nawa ka saya?"

Ya ce, "Wannan ne na huɗu."

Ka biya wanda ba ka sani ba, ya ba ka abin da ba a gani, ba a riƙewa, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, kanka ya hau kaɗawa, in ya kwana biyu ka koma ka ƙara saye. Ni an ce mini wannan sauti ne. To.

Na kwashe kwanukan koko.

Asabar, 24 ga Agusta, 5:20 na yamma

Batulu maƙwabciyata ta shigo aron turmi. Ɗanta yana aiki a kemis, shi ya sa na tambaye ta, tambaya kawai, ko yanzu akwai irin abin nan da ake saye ta waya.

Ta zaro ido. "Yaya Zulaiha, wa?"

Na ce ba kowa, ji na yi a rediyo.

"Wallahi yanzu komai ta waya ne. Har gida ake kawowa, a cikin akwatin rediyo, a cikin takalmi, a cikin burodi ma. Ke dai Allah Ya shirya mana." Ta dubi ƙofar ɗakin waje. Ta daɗe tana dubanta. "Na ga an buɗe ɗakin."

Na ce iska ake sha masa.

Ta ɗauki turmi ta tafi, ta manta taɓarya. Batulu ba ta mantuwa sai in bakinta ya cika.

Lahadi, 25 ga Agusta, 2:00 na rana

Na ɗaga akwatin yana masallaci. Ya fi girmansa nauyi. Na girgiza, wani abu ya yi motsi a ciki.

Litinin, 26 ga Agusta, 1:45 na rana

Uwa tana da haƙƙin sanin abin da ke cikin gidanta. Wannan na rubuta shi da farko, don kada wani ya zo ya ce.

Sun tafi gona shi da Malam tun da sassafe. Na naɗe akwatin a zani, na hau adaidaita zuwa rumfar Sama'ilu mai gyaran waya a bakin kasuwa. Akwai mutane uku a kan benci suna jiran cajin waya. Na so su tashi, ba su tashi ba.

Na ce ya kwance mini shi.

"Hajiya, me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Cikinsa nake so in gani."

"Me ake nema a ciki?"

Na rage murya na gaya masa. Ina ganin na rage.

Ya kwance kusoshi takwas. Ƙura ce, da wani koren faranti mai ƙananan ƙarafa, da mataccen kyankyaso, da kusa ɗaya da ta kwance tana yawo. Ita ce mai motsin. Ya haska da fitilar waya lungu-lungu. Ɗaya daga cikin na kan benci ya miƙo wuya ya ce, "Ba wannan ce maman Malam Zaharadeen ba?"

Da ya mayar ya jona wuta, gilashin akwatin ya riƙa ƙiftawa. Sama'ilu ya ce kada in damu, haka waya ma take yi in an buɗe ta. Ya duba wani abu a wayarsa, ya danne maɓallai biyu tare, ya ƙirga goma. Gilashin ya tsaya cak.

"Shi ke nan, Hajiya. Na wanke masa ƙwaƙwalwa, ya koma sabo fil kamar yau aka fito da shi daga kwali. Wannan kyauta na yi miki."

Na yi masa godiya. Na mayar da shi inda yake, na daidaita igiyoyin yadda na same su.

Babu komai a ciki. Wannan bai nuna babu komai a wani wurin ba.

Litinin ɗin dai, 6:10 na yamma

Ya yi wanka ya shiga ɗakin. Ina tankaɗe a tsakar gida. Na ji yana taka maɓalli, ƙwas, ƙwas, ƙwas, da sauri, ya tsaya, ya sake. Sai ya fito, abin kunnen yana rataye a wuyansa.

"Inna, wa ya shiga ɗakin nan?"

Na ce gidana ne.

Ya dube ni. Ya koma ya rufe ƙofa a hankali. Da ya buga ta da ya fi mini.

Laraba, 28 ga Agusta, 8:30 na safe

Tuwon jiya yana nan a ƙofar ɗaki yadda na ajiye. Yana gaishe ni, yana durƙusawa, idonsa a ƙasa. Rashin cin abinci ma alama ce, haka aka ce a rediyo.

Alhamis, 29 ga Agusta, 3:00 na rana

Batulu ta aiko da turmi. Ba ta zo da kanta ba.

Juma'a, 30 ga Agusta, 4:50 na yamma

Malam ya dawo daga masallacin Juma'a bai cire hula ba ya kira ni ɗaki. Yakubu ya tare shi bayan an idar. Wai a dakata da maganar gaisuwa tukuna. Wai sun ji magana, kuma ba daga bakin maƙiyi ba. Wai uwar yaron da kanta ta kai kayansa kasuwa a bincika mata ƙwaya. Yakubu ya ce da wata uwar ce da sun ce tsautsayi ne, amma kowa a Kazaure ya san Hajiya Zulaiha ba ta faɗar abin da ba ta tabbatar ba. Ga kuma abin da ya faru da yayansa.

Malam ya ce, "Kin je?"

Na ce na je.

"Kin samu?"

Na ce ba a nan maganar take ba.

"Zulaiha, kin samu?"

Shekara talatin da ɗaya bai kira sunana gatsal haka ba.

Ko Batulu ce, ko Sama'ilu, ko mai dogon wuyan nan na kan benci. Mai adaidaitan ma ya riƙa kallon zanin ta madubi. Mutanen yanzu ba su da amana. Mutum ba zai yi tambaya a kan ɗansa ba sai a ɗauka a kai Roni.

Ni dai ban ce yana sha ba. Tambaya na yi.

Asabar, 31 ga Agusta, 7:00 na safe

Tambaya na yi.

Lahadi, 1 ga Satumba, 5:30 na yamma

Shi ya same ni a madafa. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Inna, me kika samu a ciki?"

Na ce ƙura.

Ya gyaɗa kai. Ya ce Nafisat ta kira shi tana kuka, an hana ta fitowa zance. Ya ce in maganar ta mutu zai nemi aiki a Kano, ba zai iya bin layin nan ana nuna shi da baki ba. Na ce ba a yi wa uwa barazana. Ya ce ba barazana ba ce, sanarwa ce.

Sai ya ce, "Waɗanda na saya ba komai, suna cikin kwamfuta, na mayar da su. Lamba bakwai ce ba ta dawowa."

Na ce mece ce lamba bakwai.

Ya kira sunan yayansa. Ya ce shi ya haɗa ta da hannunsa, wata da watanni yana murɗa wannan yana rage wancan har ta yi masa. Ba a kwamfuta take ba, ba a waya ba, a cikin akwatin kawai. Ya ce ranar da ya buɗe ɗakin ya jona wuta, ya taka bakwai, ya ja tsirkiya ɗaya, sai ya ji kamar mutumin yana tsaye a bayansa.

"Ni ba ni da kunnensa, Inna. Ban iya haɗawa ba, shi ya sa nake sayen haɗaɗɗe. Nasa kuma ina taɓa shi kaɗan-kaɗan ne, kamar turare."

Na ce to me ya sa yake toshe kunne yana yi a ɓoye kamar mara gaskiya.

"Ke kika ce kada ki ƙara jin ƙarar nan a gidanki. Ranar nan, a ƙofar gida. Ina tsaye."

Na faɗi abubuwa da yawa ranar nan a ƙofar gida. Wanda aka faɗa wa ya ɗauki jaka ya bi motar Babura. Kwalaben da na samu ba ƙarya ba ne, guda goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Ban yi ƙarya ba a ranar.

Miyar ta kama. Na zubar.

Litinin, 2 ga Satumba, 9:40 na safe

Uwar namiji ba ta zuwa gidan surukai tun ba a kai gaisuwa ba. Ba a yi. Ni da kaina na yi wa wata faɗa a kan haka.

Talata, 3 ga Satumba, 6:00 na yamma

Na je Roni.

Ban gaya wa Malam ba sai da na sa mayafi. Ya dube ni ya ce in gaishe su. An yi ruwa da asuba, ɗan acaɓan da ya ɗauke ni daga tasha ya bi ta cikin gonakin gyaɗa, zanina duk taɓo. A haka na yi sallama.

Hajiya Mu'minat, mahaifiyar Nafisat, tana shanyar kuɓewa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ba abin da ya rage sai maganar.

Ta ce, "Ikon Allah. Uwar ango da kanta. Ko an sauya al'ada a Kazaure ba mu ji ba?"

Na haɗiye. Na ce maganar da suka ji daga gare ni ta fito, ba wanda ya ƙaga. Na ce na zargi ɗana, na duba ɗakinsa, na kai kayansa kasuwa, ban samu komai ba sai ƙura da kyankyaso. Na ce ban taɓa ganinsa da komai ba, ko sigari. Na ce ni ce na yi kuskure.

Kalmar nan ta yi mini nauyi a baki kamar ba Hausa ba.

Ta ce, "An ce ke ba kya janye magana."

Na ce yau na janye, ta gaya wa Yakubu, ta gaya wa duk wanda ta ga dama, har Batulu in ta san ta.

Ta tambaye ni labarin babban. Na amsa mata. Ba zan rubuta ba.

Ta ci gaba da juya kuɓewa. Can ta ce, "Ke kin taɓa jin abin da yake kaɗawa?"

Na ce a'a.

"Ni na ji. Ya turo wa Nafisat a waya. Hajiya, kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe. Kajina sai da suka watse." Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Na ce mata, ke wannan kike so? Ta ce wai ban gane ba ne."

Ban yi dariya ba. Ta ce za ta gaya wa maza, magana a hannunsu take. Da zan fito na hangi yarinyar a bayan labule, ta durƙusa daga nesa. Idonta ya kumbura.

Dariyar nan ban san ta mece ce ba. Wataƙila da ni take.

Alhamis, 5 ga Satumba, 12:00 na rana

Shiru. Batulu ta gaishe ni ta kan katanga da fara'a fiye da kullum. Ta ji, ke nan.

Juma'a, 6 ga Satumba, 8:15 na safe

Uwar yaron nan da aurensa ya fasu ta wuce ni a bakin famfo. Na gaishe ta. Ta tsaya ta dube ni, ta wuce.

Asabar, 7 ga Satumba, 5:00 na yamma

Yakubu ya zo a babur, suka zauna da Malam a zaure. Ban leƙa ba. Na tsaya a bayan ƙofa ne kawai saboda akwai shara a wurin.

Ya ce sun sake tambaya a makaranta da masallaci, ba wanda ya faɗi aibu. Ya ce amma ba wannan ya gamsar da su ba. Wai matar da duk Kazaure ta san ba ta lanƙwasuwa, ta hau acaɓa cikin taɓo ta je ta ce ta yi kuskure, to wannan shaida ta ishe su. A kawo gaisuwa Asabar mai zuwa.

Malam ya ce alhamdu lillahi sau uku. Ni ma na ce, a bayan ƙofa.

Zaharadeen ya ci tuwo. Har yanzu dai idonsa a ƙasa.

Lahadi, 8 ga Satumba, 4:30 na yamma

Ƙofar ɗakin a buɗe take yau. Na tsaya a bakinta da tsintsiya. Ya cire abin kunnen ya ce ya sayi wani sabo, wanda mai sayarwa ya ce mai kauri ne irin na da. Yana ganin ya yi kusa da bakwai, amma ya kasa tabbatarwa. Kwana goma sha uku ke nan, wai har ta fara ɓace masa a kunne.

Na ce wannan almubazzaranci ne, mai shirin aure ba ya sayen iska. Ya ce haka ne, Inna.

Na ce miƙo.

Ya dube ni. Na zauna a bakin gadon, ya ɗora mini abin a kan ɗankwali, ya ja tsirkiya.

A'uzu billahi. Hajiya Mu'minat ba ta yi ƙarya ba. Har cikin haƙorana na ji shi. Na bari ya yi ta yi, ban cire ba.

Shekara biyu ina jin wancan ta bangon nan, ina daka ina jinsa, ina sallah ina jinsa, ina tsine wa ranar da aka shigo da jitar nan gidana. Ban san na adana shi ba.

Na cire na ce, "Ba shi ba ne."

"Inna?"

"Wannan ihu yake yi ta sama, kamar ana yanka kwano. Wancan daga ƙasa yake tasowa, a ƙirji ake jinsa. Kuma in ya saki tsirkiya ba ya yankewa nan take, yana jan wutsiya kaɗan."

Ya durƙusa gaban akwatin ya murɗa wani abu. Ya sake ja. Na ce ƙara. Ya ƙara. Na ce ya yi yawa, koma baya.

Na ce, "Tsaya nan. Ya kusa. Amma na Hamma ya fi wannan nauyi."

Sai da ya ɗago kai ya zuba mini ido na gane abin da ya fita daga bakina. Sunan ɗan fari, shekara talatin ban faɗe shi ba.

An kira la'asar tun ɗazu, mun makara. Na ce ya tashi ya tafi masallaci, kiɗa ba ya ceton kowa. Na ce in ya dawo kada ya taɓa maɓallin nan na hagu, a nan muka tsaya.